Kafaɗar Yaya Adam

Ranar da na sauka a Alƙahira, mutumin da ya ce zai tarye ni a filin jirgi bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Shi ne dillalin da ya rantse wa mahaifina a Gusau cewa wata ƙungiyar ƙwallo a Masar ta ga bidiyona, tana neman gola ruwa a jallo. Saniyar Inna ce ta zama tikitin jirgi. Na tsaya da jakata, safar hannuna ta gola a ciki, ina leƙa fuskar duk wani mai ƙaton tumbi da ya gifta ko shi ne. Har yau ban sake jin muryarsa ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, gara in faɗi gaskiya.

Wani ɗalibi ɗan Kano da muka shigo jirgi ɗaya ne ya ga na rasa gabas da yamma, ya ja ni zuwa Darrasa, unguwar da ɗalibai masu karatun addini suke zaune. Ɗakinsu littattafai sun fi mutane samun wurin kwanciya. Suka matsa mini gefen katifa, suka ba ni wake da gurasa, sannan babbansu ya gyara zama ya tambaye ni wace kulliya na zo shiga, Shari'a ko Usuluddini.

Na ce, "Ni gola ne."

Can wani ya ce, "To, Allah Ya shirye mu baki ɗaya."

Mutanen kirki ne, wallahi, sai dai ni da su kamar an ajiye akuya a cikin shagon littattafai. Da asuba su fice da jakunkuna, ni kuma in fita neman ƙungiyoyi. Ban san alamar hannun da ake yi wa ƙananan bas ba, sai in ɗaga hannu irin na gida, motar ta kai ni unguwar da ban taɓa jin sunanta ba. Ƙofar kulob ɗin da na samu duka, mai gadi zai kira ni "ya kabtin" da fara'a, ya ce in dawo bukra. Na daɗe kafin in gane cewa goben Masar ba ta wayewa. Bizata ta ƙare ina yawon nan. Idan Inna ta kira, in ce mata muna ta atisaye, in kashe waya in zauna ina kallon bango. Komawa gida hannu rabbana, in haɗa ido da turken saniyar nan babu komai a kai, shi ne abin da na fi tsoro a duniya.

Bayan sallar Juma'a Hausawa kan taru a gefen tsohon masallacin unguwar, kowa ya sha Hausa ya ƙoshi. A nan wani dogon mutum mai faɗin ƙirji ya tsaya a kaina.

"Ya zol, kai ne golan da aka yasar?"

Hausarsa ta ba ni mamaki, rabi irin ta kakata, rabi Larabci; "ya zol" ɗin nan ma "kai mutum" ne a bakin 'yan Sudan. Sunansa Adam, Bahaushen Sudan ne, yaƙi ya taso su. Kakanninsa sun bar ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji a ƙafa, suka zauna a hanya. Ya girme ni da kamar shekara bakwai, don haka tun ranar Yaya nake ce masa.

Ya ce, "Malaman nan karatu suke, kana takura su. Ɗauko jakarka. A unguwarmu, Ainu Shams, akwai wuri."

Wurin ɗaki ne a saman bene, kusa da tankin ruwa. Yaya Adam tukunyar gas yake sayarwa, wadda a can ake ce wa anbuba. Ya tura amalanke cikin lungu yana ƙwanƙwasa tukunyar da sifana, mata su leƙo ta taga su kira shi, ya saɓa ta a kafaɗar dama ya hau bene har hawa na shida, babu na'urar hawa. Na ce zan taya shi. A hawa na biyu na dire tukunyar ina haki kamar an koro ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in koma in dafa mana shinkafa, hannun gola ba na dako ba ne. Haka muka zauna: shi ya ɗauko, ni in ci. Da ƙaramar salla ya kai ni unguwar Faisal, inda mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu suke raɓe a ɗaki ɗaya a gidan wasu 'yan uwa. Tsohuwar ta tuƙa mana asida, tuwon 'yan Sudan, ta dafa kaina ta ce, "Adam ya samu ƙane." Na sunkuyar da kai, don hawaye sun kusa tona mini asiri.

Wata Juma'a da la'asar ya ce in tashi, akwai wani Bature da ke koya musu ƙwallo a filin matasa na bayan layin jirgin ƙasa. Na ɗauko safata na kakkaɓe ta.

Da muka isa na nemi raga ban gani ba. Bututan roba huɗu ne a kowane gefe, an kafa su cikin gwangwanayen siminti, biyu dogaye a tsakiya, biyu gajeru a gefe. Samari kusan talatin, yawancinsu 'yan Sudan, suna guje-guje da singileti. Ƙwallon kuwa doguwa ce kamar gwanda. Na ce a raina mota ce ta taka ta. Wani tsohon Bature mai jan wuya, yana ɗingishi, ya zo ya miƙo mini hannu. Yatsunsa kowanne ya kalli garinsu. Shi ne Kabtin Denis, mutumin Ostareliya. Larabcinsa bai wuce yalla da tamam da khalas ba, don haka da ya ji ina Turanci ya rungume ni kamar ɗansa ya dawo daga tafiya. Daga ranar na zama tafintansa.

Na nuna masa safata na ce ni gola ne. Ya ce a wasansu babu gola.

"To wa ke tsare gida?"

"Kowa da kowa. Kuma ba kowa."

Na tambaye shi satar gida, ya ce babu. Ana taɓawa da hannu? Ana taɓawa, amma ba a jefawa, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta. Idan kana gudu da ita dole ka riƙa buga ta da ƙasa, ita kuwa ƙwallon nan idan ta taɓa ƙasa sai inda Allah Ya nufe ta. Ka buga tsakanin dogayen bututu maki shida. Ka kuskure ta bi ta gefe, maki ɗaya. Nan na tsayar da shi, na ce ya maimaita, don ban taɓa jin inda ake ba mutum lada saboda ya ɓarar ba. Ya maimaita. Na fassara wa kaina da Hausa, ban gane ba, na bar shi a haka.

Amma da aka ɗaga ƙwallon sama, jikina ya tuna aikinsa. Na tashi na cafke ta da hannu biyu. Kabtin ya busa usur ya ce wannan shi ne ran wasan: duk wanda ya cafke bugun da aka yi kafin ta taɓa ƙasa, kowa ya ja baya ya ba shi wuri ya buga abinsa. Ya ce tun da ya zo Masar bai ga hannu irin nawa ba. Rabon da wani ya yabe ni tun ina Gusau.

Bayan atisaye mukan zauna a shagon shayi, ya yi ta ba mu labarinsa ina juyawa da Hausa, Yaya Adam yana juya wa sauran da Larabci. Allah kaɗai Ya san abin da ke isa kunnen na ƙarshe. An haife shi a wani ƙaramin gari na manoman alkama da masu tumaki, inda ya ce mutane ba su cika zuwa coci ba amma ba mai fashin filin ƙwallo ranar Asabar. Yana saurayi aka kai shi Melbon, ya yi shekaru a ƙungiya ta biyu ta wani babban kulob, ana ɗan ɗaga shi zuwa ta farko ana mayarwa, har gwiwarsa ta tsinke. Ya koma ƙauye yana wasa yana koyarwa lokaci ɗaya, da gwiwa ɗaya da rabi. Sau ɗaya ya ci kofi a rayuwarsa, kuma ya ce garin bai yi aiki ba har tsakiyar mako. Daga nan ya yi ta yawo, wannan gari ya ɗauke shi, wancan ya kore shi, har arewacin ƙasarsu mai zafi ya je ya koyar da yaran da ke wasa ba takalmi. Matarsa Bamisriya ce da ta girma a can. Da uwarta ta tsufa suka dawo jinya, shi kuma zaman gida ya ishe shi, ya ɗauko ƙwallonsa ya fito neman masu bugawa. Na tambaye shi me ya tara a duk shekarun nan. Ya ɗaga yatsunsa ya nuna mini.

Wata rana ya tara mu ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Shugaban kulob ɗin garinsu yana da mayanka, yana neman Musulmi mai ƙarfi da zai yi aiki, kuma kulob ɗin na neman ɗan wasa don samarin garin duk sun gudu birni. Mutum ɗaya za su ɗauka, su yi masa takardu da masauki. Za a yi wasa, matar Kabtin ta ɗauka da waya, a tura musu su zaɓa. Da muka keɓe ya ce mini, "Lawwali, kai nake so in tura. Amma sai ka koyi hawa."

Hawan nan shi ne abin da ya fi rikita ni a wasan gaba ɗaya. Idan ƙwallo tana sama, an yarda ka taho a guje ka dasa gwiwarka a bayan mutum, ka hau kafaɗarsa ka cafke ta a saman kansa. Ba laifi ba ne, abin alfahari ne ma, har hoto ake ɗauka a manna a bango. Mu kuwa a gidanmu, ƙafar yayana na taɓa tsallakawa yana kwance, Baba ya sa na dawo na tsallaka baya sannan ya zane ni. Ranar da na fara hawa kan wani tsarana, na sauko da ƙwallon na durƙusa ina ba shi haƙuri, ina juyowa na ga har shi yana tafa mini.

Hawan tsarana dai na daure na saba. Matsalar ita ce Yaya Adam ne ya fi kowa iya tsaron baya, kuma shi Kabtin yake sa wa ya tsare ni. Sai in taho a guje, in ga kafaɗar nan ta dama mai kanta, wadda fatarta ta yi baƙi saboda ƙarfen tukunya, sai in fasa hawa. In ja birki, ya naushe ƙwallon, a wuce. Sau da sau haka.

Kabtin ya jefar da hularsa ƙasa. "Tsoro kake ji?"

Na ce ba tsoro ba ne, yayana ne.

"Uwa ɗaya?"

"A'a."

"Addininku ne ya hana?"

"A'a."

"To mene ne?"

Na ce abincinsa nake ci. Ya ce shi ma ya ci abincin mutane da yawa kuma ya hau kansu ranar Asabar, da yamma su sha shayi tare. Ya dube ni, na dube shi. Shi yana ganin na haukace, ni ina ganin an taso shi ba kwaɓa, kuma dukanmu muna son juna. Yaya Adam ya matso ya ce me ake cewa. Na ce masa maganar takalmi ce.

Bai yarda ba. Ana gobe wasan, muna cin abinci bayan magariba, ya ajiye cokali.

"Ya zol, ka ɗauka ban gani? Kullum ka zo bayana sai ka tsaya kamar jaki ya ga rijiya."

"Yaya, ba zan iya taka ka ba."

"Tukunya tana taka ni tun safe har yamma, ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. Ka fi ta nauyi ne?"

"Ba maganar nauyi ba ce."

"Na sani. Kunya ce. To kunyar za ka kai wa mahaifiyarka a jaka? Ajiye ta. Gobe zan shiga gabanka da kaina. In ka ja baya, khalas, ka nemi wani ɗakin."

Na san ba zai kore ni ba. Amma ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Wasan ya yi zafi. Na cafke ƙwallaye masu kyau, na ci biyu tsakanin dogayen bututu, na kuma samu ladan kuskure sau ɗaya. Yaya Adam yana manne da ni kamar kaska, bai rage mini komai ba. Can kusa da tashi aka ɗaga wata doguwa daga tsakiyar fili. Yana can gaba, nesa da inda za ta sauka. Sai na ga ya juyo yana gudu da baya, idonsa a sama, yana shigowa daidai hanyata, ga mutum uku suna tahowa a bayana.

"Hau, ya zol! Hau!"

Na rufe zuciyata na hau. Gwiwata ta sauka a kafaɗarsa, na tashi sama har na hango rufin jirgin ƙasa yana wucewa bayan katanga. Ƙwallon ta zauna a hannuna. A lokacin nan kuma na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashina, kamar an karya kara.

Na faɗo da ƙwallon a ƙirji. Filin ya kaure da ihu, Kabtin yana tsalle da gwiwarsa ɗaya, yana cewa ko a Melbon sai an sa wannan a jarida. Yaya Adam yana kwance, hannunsa na dama ya saki. Aka busa usur wai kowa ya ja baya in buga abina. Na tsaya riƙe da ƙwallon, ban san ko in buga ba, ko in yi kuka, ko in gudu.

A asibiti suka ce ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye, zai ɗinke amma sai an yi haƙuri. Aka rataye masa hannu. Na ɗauki amalanken na shiga lungu, ina hawa bene ina hutawa a kowane hawa, matan unguwa suna tambayata ina dogon. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ce mini uffan ba, sai ma tsokana. Wai da ya san haka nake da nauyi da ya rage mini shinkafa.

Kabtin Denis ya zo da kansa wata rana da hantsi, ya hawo benen nan yana tsayawa yana dafa gwiwa. Ya zauna a bakin katifa ya cire hula. Bai dube ni ba da farko, daga nan na san akwai magana.

Ya ce sun kalli bidiyon a ɗakin kulob, garin kusan duka. Sun yi ta mayar da cafkar nan suna ihu. Amma shugaban ya ce masu tashi sama suna da su, yara ne, kowace shekara ana haifar wasu. Abin da suka rasa shi ne mutumin da zai taho da baya, idonsa a kan ƙwallo, ya san mutum huɗu na tahowa su murƙushe shi, kuma bai ƙifta ba. A ƙasarsu ba abin da ake girmamawa kamar wannan. Yaya Adam suka zaɓa, sun ce za su jira kafaɗar ta warke.

"Na yi musu gardama, Lawwali," in ji shi. "Na ce kai na horar. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, na gane abin da suka gani. Ni ma a wasana ban taɓa hawa kan kowa ba. Hotona ɗaya da ya taɓa fita a babbar jarida, wani ne tsaye a wuyana, fuskata ma ba a gani. Ka faɗa masa."

Na ga turken saniyar Inna a gabana ƙiri-ƙiri. Na taka mutumin da ke ciyar da ni don in samu wuri, takawar kuma ita ta ba shi wurin. Na nemi wanda zan ji haushi na rasa.

Yaya Adam yana jingine da bango yana murmushi. "Me ya ce? An ɗauke ka ko? Faɗi mana, ya zol, kada ka kashe ni."

Da bakina na faɗa masa, ban rage ko kalma ba. Murmushin ya tafi. Ya ce in sake tambaya, wataƙila Turancin ne ya kuɓuce mini. Na ce babu abin da ya kuɓuce. Ya zuba wa hannunsa da ke rataye ido, na kuma san Faisal yake gani, da tsohuwa da 'yan mata biyu a ɗakin aro. Shekaru yana jiran wata ƙasa ta kira sunansa, bai taɓa cewa yana so ba, don kada ya tsaya mini a hanya.

Ya ɗago ya ce, "Gaya masa ban iya ba. Ba jarumta na yi ba, tsani na yi wa ƙanena. Gaya masa na gode, a ba ka. In ba kai ba, su bar shi."

Kabtin ya juyo gare ni yana jira. Ba wanda ya san harsunan nan biyu a ɗakin sai ni. Abin da aka ce in faɗa gaskiya ne, kuma in na faɗa, wataƙila a sake dubawa a ba ni. Wallahi na so in faɗa.

Na ce da Turanci, "Ya ce ya amince. Ya gode."

Kabtin ya miƙe da ihu, ya manta da karaya, ya rungume shi ta ɓangaren dama. Yaya Adam ya saki ƙara. Ta saman kafaɗar tsohon ya zuba mini ido, ya ga hawayen Baturen, ya ga nawa, ya gane abin da na yi.

"Lawwali," ya ce a hankali. "Kai yaron nan ba ka da kunya."

Na ce, "Yaya, ai kai ka ce in ajiye ta."